Iznin Gini Da Duban Gini A Ƙaramin Birni

Da hutun da ya wuce na je gida, na tarad da kawuna cikin ɓacin rai. Ya sayi fuloti a bayan gari, ya tara bulo da yashi, magina sun ɗauko gini har ya kai wajen taga. Ran nan da safe suka zo aiki, sai suka ga an shafa jan fenti a jikin bango, an rubuta a dakata. Da na je gaishe shi ya ce mini, "Kai da ka ke karatun zamani, gaya mini. Filina ne, kuɗina ne, ba sata na yi ba. Ina ruwan wani da inda na kafa ɗakina?" Ban sami abin da zan ce masa ba a sa'an nan, sai na ce Allah ya sawwaƙe, kawu. Amma tambayar ta zauna mini a rai, na yi ta bin diddigi. Abin da na samo shi na ke so in shimfiɗa a nan, domin kowanenmu, in Allah ya ja kwana, im ma ya gina gida, im ma a danƙa masa 'ya'yan mutane cikin ɗakin da wani ya gina.

Amsar tambayar kawu ita ce, gini yana da masu haƙƙi waɗanda ba su nan ran da a ke yin sa. In maɗinki ya ɓata riga, mai rigar kaɗai ya yi hasara. In magini ya ɓata gida, akwai maƙwabcin da ruwan indararo zai zuba wa, akwai mai wucewa da katanga za ta danne, akwai ɗan haya da zai shiga bayan shekara goma, da jaririn da ba a haifa ba tukuna. Duk waɗannan ba wanda ya shawarce su. Mai ba da izni da mai duba gini wakilansu ne, ko da ya ke ba kullum su kansu su ke tunawa da haka ba.

Kada wani ya zaci wannan al'amari Turawa suka zo da shi ɗungum. Tun kafin zuwansu ba a yin gini kara zube a biranen ƙasar Hausa. Mai unguwa ya ke nuna wa baƙo fili da iznin sarki, magina kuwa suna da shugabansu, watau Sarkin Magina. A Zazzau an yi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Jumma'a na birnin Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu. In rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, alƙali ke raba ta, kuma yana da littattafan da ya ke dubawa. Akwai wani magini na birnin Tunis, a na ce da shi Ibn Rami, wanda ya rasu a 1334. Alƙalai su kan aike shi ya dubo bangon da a ke jayayya a kansa, daga baya ya tara hukunce-hukuncen cikin littafi bisa mazhabar Malikiyya. A nan ƙasarmu ma, cikin ƙarni na 19, Alƙali Idrisu na Gwandu ya tara irinsu domin amfanin masu shari'a. Abin da ke ciki mu duka mun san shi daga bakin iyayenmu: kada ka buɗe taga inda za ka riƙa hangen cikin gidan wani, kada ka kafa ƙofarka daura da ƙofar maƙwabci, kada ka haƙa masai gindin bangonsa ko kusa da rijiyarsa, kada dakalinka ya ci hanya. In an yi jayayya a kan faɗin hanya, a bar kamu 7, yadda raƙumi zai wuce da kayansa.

To, me ya sake? Abu biyu. Na fari, a da alƙali ya kan shigo ne bayan an yi ɓarna an kawo ƙara, yanzu kuwa a na so a tare ɓarnar tun tana kan takarda. Na biyu, shi ne babba a ganina, kayan ginin ne suka sake. Ginin ƙasa ba ya ɓoye aibinsa. Kowa ya ga tubali ya san ko an cuɗa ƙasar sosai, kowa ya ga azara ya san ko ta ƙosa, magina kuma sun san azara ba ta ɗaukar rufi in tsakanin bango da bango ya wuce wajen ƙafa 6, sai an tallafe ta ko an ɗaura bakan gizo. Kowace shekara kafin damina a na yaɓe, mai gida yana ganin inda ya tsage. Siminti ba haka ya ke ba. Da zarar an zuba kankare ya daskare, an shafe shi da filasta, an yi fenti, ginin ƙwarai da ginin ha'inci kamarsu ɗaya. Ko gwanin injiniya ba ya iya duban bango da ido ya faɗi yawan rodin da ke ciki. Ku riƙe wannan magana, gama a kanta dukan sha'anin duban gini ya ke tsaye.

Dokokin da a ke bi yanzu sun taru ne kaɗan kaɗan. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi dokar garuruwa wadda ta kasa su aji uku. Ikko, watau Legas, ita kaɗai ce aji na ɗaya, su Kano da Zariya da Kaduna suna aji na biyu. Dokar ba ta shiga cikin ganuwa ba, can an bar wa sarki da En'e. Inda ta yi ƙarfi shi ne unguwar Turawa da kanti da Sabon Gari, har an tsara a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don tsoron cizon sauro. Talaka kuwa wanda ya sani shi ne dubagari, mai leƙa randa da masai yana kai mutane gaban alƙali. Ina tsammani tun daga nan ne tsofaffinmu suka ɗauki duk mai zuwa duban gida tamkar mai neman laifi, kuma ba na ganin baƙinsu ƙwarai. A 1946 aka yi dokar tsara birni da ƙauye, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932. A 1978 aka yi dokar amfani da ƙasa, wadda ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A 1992 gwamnatin soja ta kafa sabuwar dokar tsara birane, mai lamba 88, domin ƙasa duka. Amma Jihar Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari da ba da iznin gini aikin jiha ne. Saboda haka yau kowace jiha da dokarta da hukumarta. Akwai kuma Ƙa'idar Gini ta Ƙasa wadda aka fitar a 2006, ita kuwa ba ta zama tilas sai inda jiha ta shigar da ita cikin dokarta.

Bari mu ɗauki misali da gari guda, don magana ta zauna. Kafancan, a kudancin Jihar Kaduna, gari ne da ya taso da jirgin ƙasa tun da ya zama mahaɗar layi a 1927. Ba shi da girman Kano ko Kaduna, amma ya wuce ƙauye nesa, ruwan sama kuma yana sauka can fiye da yadda mu ke gani a arewa. Wanda zai yi gini a irin wannan gari takarda biyu zai nema, kuma jama'a da yawa su kan rikita su. Ta fari takardar mallakar fili ce, wadda ke shaida cewa Gwamna ya yarda wane ya riƙe wannan fili. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ke shirya ta. Ta biyu iznin gini, wanda ke cewa an yarda a kafa gini iri kaza a kan filin nan, wannan kuwa aikin hukumar KASUPDA ne. Takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfaninta, ita ce mafarin hujja, amma ba ta tsaya a madadin ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Ita kawuna ya riƙe, yana ganin ya gama kome.

In fili ya tabbata, sai a nemi safiyo ya auna shi, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, ya fitar da taswirarsa. Sa'an nan mai zanen gini ya zana gidan: shimfiɗar ɗakuna, da fuskokinsa, da yadda zai bayyana in da za a tsaga shi biyu, da inda ya zauna cikin fili. In bene ne, ko kuwa ɗaki mai faɗi irin na taro, wajibi ne injiniya ya yi nasa zane, ya lissafta kaurin ginshiƙai da yawan rodi, sau da yawa kuma a kan nemi a gwada ƙasar wurin. Kowanensu zai buga hatiminsa. Hatimin nan ba ado ba ne. Masu zanen gini suna da majalisar da ke yi musu rajista tun 1969, injiniyoyi tun 1970, ƙwararrun magina tun 1989, wanda ya buga hatimi ya ɗauki alhaki ke nan, in gini ya faɗi shi za a fara nema, a na iya soke sunansa daga rajista. Saboda haka mai sayen zane a bakin kasuwa, wanda aka zana domin wani fili dabam, ya sayi takarda ce kawai. Za a haɗa waɗannan da takardar fili da shaidar biyan haraji, a cika takardar roƙo, a biya kuɗin da hukuma ta yanka gwargwadon girman ginin da irin amfanin da za a yi da shi. A karɓi rasiɗi. Kuɗin da aka ba mutum a hannu ba rasiɗi, ba iznin gini aka biya ba, wani abu ne dabam.

Me su ke dubawa a ofis? Da fari, ko wurin ya dace da abin da za a gina, kada a kafa injin niƙa ko gidan mai tsakiyar gidajen kwana. Sa'an nan ratar da aka bari. Abin da aka fi ji a jihohi da dama shi ne wajen mita 6 daga gaba, mita 3 a gefe da baya, amma kowace jiha da nata awo. Mutane su kan ji zafin wannan, suna ganin an cinye musu fili, alhali ratar ce ke barin iska da haske su shiga, ita ke hana gobara tsallakawa daga rufi zuwa rufi, ita ke ba lambatu wuri. Kamu 7 ya ishi raƙumi, amma bai ishi motar 'yan kwana-kwana ta juya ba. Akwai wuraren da ba a gini sam. A babbar hanyar Gwamnatin Tarayya a na barin ƙafa 150 daga tsakiyar hanya kowane gefe. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki mai kilobolt 330 a na barin mita 25 dama da hagu, mai 132 mita 15, ƙananan na cikin gari mita 5 da rabi. Haka nan bakin rafi da hanyar ruwa. Su kan duba taga, gama tsohuwar ƙa'ida ita ce faɗin tagogi kada ya kasa kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗaki. Su kan duba masai da rijiya, masana lafiya suna so a sami wajen mita 30 tsakaninsu, abin da ke da wuya a ƙaramin fuloti, shi ya sa a ke duba har da rijiyar maƙwabci. Bayan wannan wani ma'aikaci zai je ya ga filin da idonsa. In kome ya daidaita a buga wa zanen hatimi, a ba mai shi nasa, ya ajiye a wurin aiki. Iznin kuma yana da wa'adi. Dokar 1992 shekara 2 ta sa, in ba a fara aiki ba sai an sabunta, mai gini ya karanta abin da aka rubuta a jikin tasa takardar.

Yawancin mutane a nan su ke tsayawa. Sun sami hatimi, shi ke nan, sai su naɗe takarda su sa ƙarƙashin katifa. Alhali kuwa izni alkawari ne kawai, an ce za a yi kaza. Duba shi ke nuna ko an cika. Ƙa'idar 2006 ta tsara a riƙa sa hannu mataki mataki, daga shata wuri, zuwa harsashi, da gangar jikin gini, da rufi, da wayar wuta da famfo, har gamawa. Hikimar abin ita ce, a ga kowane aiki kafin aikin da ke biye ya binne shi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Duba na fari ran da aka ja igiya aka kafa turaku. Mai duba zai auna daga turakun safiyo, ya ga ko ginin ya zauna inda zane ya ce. Kuskure a wannan rana gyaransa tuge turke ne kawai. Bayan wata uku kuwa sai da guduma.

Na biyu, sa'ad da aka gama haƙa harsashi, ba a zuba kome ba tukuna. Nan a ke ganin irin ƙasar da gida zai hau. Jar ƙasa mai tauri da marmara suna ɗaukar nauyi. Baƙar laka, irin wadda a ke kira firki a Barno, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gida tana saukewa har bango ya rabu. Mafi haɗari duka tsohon kududdufi. Kun san yadda garuruwanmu su ke, inda aka ɗebi ƙasar gini a da ya zama rami, aka yi shekaru a na zuba shara har ya cika, ciyawa ta rufe, gari ya faɗaɗa ya iso shi, wani ya yanka ya sayar. Baƙo ba ya sani. Sai an haƙa a ga toka da tsumma da leda suna fitowa. In mai duba ya zo a wannan rana zai ce a ci gaba da haƙa sai an tarad da ƙasar asali, ko a sake irin harsashin. In ya zo bayan an rufe, ba abin da zai gani sai bulo a jere. A gidan da ba bene ba, abin da aka saba shi ne faɗin kankaren harsashi ya yi uku na kaurin bango, watau bulo mai inci 9 ya hau kan inci 27.

Na uku shi ne wanda rai ya fi rataya a kansa, watau duban rodi kafin a zuba kankare, a ginshiƙi, da kan ƙofa da taga, da rufin kankare wanda magina ke kira dekin. Don a gane dalili sai a san halin kankare. Yana da ƙarfin jure danni ƙwarai, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa, ƙarfinsa bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ku ɗauki kara ku ɗora a kan duwatsu biyu, ku danna tsakiyarsa. Ta ƙasa zai fara tsagewa, gama nan ne ya ke miƙewa. Haka dekin ya ke tsakanin bango biyu, don haka a ke shimfiɗa rodi ta ƙasa-ƙasa, shi ya ɗauki jan. Amma barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, ita ta sama ta ke miƙewa, rodinta a sama ya kamata ya zauna. To, ran zuba kankare leburori suna hawa da sauka da kwanon sarki a ka, suna tattaka rodin nan har ya kwanta ƙasa. Rodi yana nan, ba wanda ya saci ko ɗaya, amma ya bar inda ya ke da amfani. Baranda ta yi kyau, a yi mata fenti, sai ran da yara suka taru a kanta suna kallon wani abu. Mai duba na ƙwarai zai ƙirga rodi, ya auna kaurinsa, gama mai milimita 10 da mai 12 da mai 16 ba ɗaya ba ne ko da ya ke daga nesa sun yi kama. Zai auna tazarar da ke tsakaninsu, ya ga ko an sa 'yan guntayen kankare a ƙarƙashi don rodi ya sami abin da zai lulluɓe shi, in ba haka ba damshi ya iso shi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Sai kwaɓi. Wanda aka saba a ƙananan gine-gine shi ne ɗaya, biyu, huɗu: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu, watau buhu guda ya ci kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Nan ne ha'inci ya fi sauƙi, a ƙara yashi, a tsuga ruwa don ya yi daɗin zubawa, ruwan da ya yi yawa kuwa rage ƙarfi ya ke yi. Haka bulo, wanda aka matsa wa buhu guda ya fitar da fiye da ƙima, in ka murza gefensa da yatsa sai ya zube. Wani abin da mutane ba su gane ba, siminti ba bushewa ya ke yi ya yi ƙarfi ba, ruwan ya ke sha ya ƙulle da shi. In rana ko iskar hunturu ta busar da shi da wuri, ya tsaya ke nan bai kai ba. Shi ya sa a ke ba shi ruwa kwana 7 ko fiye, kuma sai ya kwana 28 a ke lissafta ya kai ƙarfin da injiniya ya nufa. A babban aiki a kan ɗebi kwaɓin a zuba cikin 'yan akwatuna, a kai ɗakin gwaji a matse da inji a ga inda zai fashe. Mai gaggawar kwance katakon da ya tokare dekin, don ya kai shi wani aiki, yana wasa da ran wanda zai kwana a ƙasa.

Sauran duban ba sai na daɗe a kansu ba. A duba ɗaurin rufi, don iskar farkon damina da ke yaye kwano kowace shekara, a duba wayar wuta da ramin masai, daga ƙarshe a ba da takardar shaida cewa an gama, gida ya isa a zauna. Wannan takarda ta ƙarshe kaɗan ne ke nemanta.

Kada a ce ina tsoratarwa ne kurum. Ran 1 ga Nuwamba 1921 ba a san bene mai tsawo a ƙasar nan ba, amma bayan shekara ɗari daidai, ran 1 ga Nuwamba 2021, wani bene mai hawa 21 da a ke ginawa a Ikoyi cikin Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. Hukumar gine-gine ta jihar ta ce hawa 15 aka yarda a yi. Ga takarda, ga hatimi, a tsakiyar birnin da ya fi kowane yawan injiniyoyi. Wanda ya fi kusa da mu kuwa, ran Jumma'a 12 ga Yuli 2024, wata makaranta mai bene a unguwar Busa Buji cikin Jos ta faɗa wa yara suna cikin aji, 22 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni. Gwamnatin Jihar Filato ta ambaci raunin ginin da kuma kusancinsa da bakin rafi. Malaman da ke cikin azuzuwan nan irinmu ne, ba su suka gina ba, ba wanda ya nuna musu zane.

A ƙaramin birni wahalar iri dabam ce da ta Legas. Ma'aikata kaɗan ne, gari kuwa yana faɗaɗa ta kowace kusurwa, mutum ɗaya ba ya iya zagaya unguwa goma ran da a ke zuba kankare, balle ma an fi zubawa ran Asabar da Lahadi. Ga kuma kunya. Mai duba ɗan gari ne, mai gini surukin wansa ne, ko limamin unguwarsu, ko wanda ya biya masa kuɗin makaranta. Da wane baki zai ce a fasa? A babban birni kwaɗayi ke rufe ido, a ƙarami sau da yawa zumunci ne, kuma ban san wanda ya fi wuyar magani ba. Ta wajen talaka kuma, wanda ke gina ɗaki biyu cikin shekara biyar, bulo ɗari yau, buhu uku gobe, in aka ce ya kawo zane kashi kashi da hatimi uku, an kore shi ne daga ofis tun bai zo ba. A nawa ra'ayi, da hukumomi za su tanadi zane shiryayye na ƙaramin gida, su ba da shi da araha, su tattara ƙarfinsu a kan bene da makaranta da masallaci da coci da ɗakin taro, inda rai da yawa ke taruwa ƙarƙashin rufi guda, da an fi samun biyan bukata. Mai gini kuma shi ya kamata ya riƙa bin mai duba yana roƙonsa ya zo, gama shi ne kaɗai a wurin aikin wanda ba ya cin riba in an rage siminti.

Mu da za a rarraba makarantu, ba a nufe mu da zama injiniyoyi ba, amma akwai abin da idon kowa ke iya gani. Tsagar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga, tana ƙara buɗewa wata bayan wata. Ƙofar da a da ta ke rufuwa, yanzu ta ƙi. Dekin da cikinsa ya sauko, ko ya ke zubar da ɓarɓashi har rodi ya bayyana da tsatsa. Bene da aka ɗora a kan ginin da tun asali ba a yi shi don ya ɗauki bene ba, wannan kuwa ya yi yawa a makarantun da ɗalibai suka ƙaru musu. Wanda ya ga irin wannan ya fitar da yara gindin itace, ya rubuta wa shugaban makaranta, ya ajiye kwafin takardar.

Kawuna dai ya je ofis daga baya, bayan ya huce. Da aka zo aka auna daga turakun safiyo, ashe zaurensa ya shiga hanya da wajen mita 2, ramin masai kuma da ya haƙa taku kaɗan ne tsakaninsa da rijiyar maƙwabcinsa ta bayan katanga, wadda bai ma san da ita ba. Ya rushe gaban zauren da hannunsa, ya tsame bulon da bai fashe ba, aka cike ramin aka haƙa wani a ɗaya kusurwar. Da zan komo makaranta na biya in yi masa sallama, na same shi tsaye bakin sabon harsashi, ya hana magina zuba kankare, wai sai mai duba ya zo ya gani da idonsa, tun da an riga an karɓi kuɗinsa.